Ruwa a ƙirjin mai ciwon daji (kansa): yadda ake yi a Ingila da abin da zai yiwu a gida

Yaya, gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna? Allah Ya sa kaffara ne. Kin ce hoto ya nuna ruwa a gefen ƙirjinta na dama, kuma kina so ki ji yadda ake yi a nan Manchester, tunda jinyar gida-gida nake yi.

Ruwan ba cikin huhu yake ba. Huhu yana da mayafi ruɓi biyu, ɗaya manne da shi, ɗaya manne da haƙarƙari. A tsakaninsu ruwan ke taruwa ya danne huhun, shi ya sa Inna ke haki ko banɗaki ta je. Kansar huhu da kansar mama irin tata su suka fi kawo shi. Ba zan ɓoye miki ba, in aka samu ƙwayoyin kansa a ruwan, ciwon ya yaɗu ke nan. Zuƙe shi yana sauƙaƙa numfashi ne, ba ya kashe ciwon.

A nan ba a soka allura sai an ɗora na'urar sikanin a jiki an ga inda ruwan yake, sannan a zuƙo ruwan a kai shi ɗakin gwaji. A kusan kashi 60 cikin 100 ana ganin kansar a gwajin farko. In ba a gani ba, sai a shiga da 'yar kyamara a gutsuro nama. A gida Najeriya kuwa, saboda yawan tarin fuka, sau da yawa ana ɗora mutum kan maganin wata 6 tun ba a duba ruwan ba. Ki tsaya kai da fata a gwada shi. Kuma kada a zuƙi fiye da lita 1.5 a zama ɗaya, huhun da ya daɗe a danne ba ya son a sake shi farat ɗaya.

Ruwan kan dawo cikin 'yan makonni, kuma a nan ne bambancin yake. Ana saka wata siririyar roba ta zauna a jiki, a sallami mutum. Mu muke bin su gida, galibi sau 3 a mako. Tsohuwa tana zaune a falonta, in buɗe bandeji, in goge bakin robar, in jona kwalba mai zuƙo da kanta. Ruwan ya gangaro, wani rawaya, wani jaja-jaja. Da ta fara tari ko ta ce ƙirji ya ɗaure, sai in rufe. Kafin in naɗe robar har ta iya ƙarasa magana ba ta tsaya shan iska ba. Kwalaben a kwali ake kawo su ƙofar gida, kowace sau ɗaya ake amfani da ita.

Ana cewa jinya a nan kyauta ce. A bakin asibiti ba a karɓar ko sisi, amma haraji na cin albashi, kuma mafi yawan masu bizar zama suna biyan fam 1,035 duk shekara don NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin nan. Ga jira. Ƙa'ida ita ce a fara maganin kansa cikin kwana 62, kuma da yawa suna wuce haka. A Kano, in kuɗi na hannu, yau a yi sikanin yau a karɓi sakamako.

Kin ce in aiko da robar. Yaya, ban goyi baya ba. Ranar da kwalabe suka ƙare, ko aka taɓa ta da hannu mara tsabta, ƙwayar cuta ta samu ƙofa har cikin ƙirji. Abin da ya fi dacewa da gida shi ne a zuƙe ruwan kaɗan-kaɗan har ya ƙare tas, a zuba maganin da zai manne ruɓin biyu, ruwa ya rasa wurin zama. A nan hodar talk ake sawa, tana yi wa kamar mutum 7 cikin 10 aiki. Inda babu ita, likitoci na amfani da aidin ko bleomycin. Sharaɗin shi ne huhun ya buɗe bayan an zuƙe. In ya ƙi buɗewa, mannewar ba za ta yiwu ba. Ki tambayi likitocin ƙirji a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kafin nan a jingina ta da matasai, a kunna mata ƙaramar fanka a fuska, yana rage jin shaƙewa. In likita ya rubuta mofin na sha kaɗan, wato maganin rage zafi mai ƙarfi, kada ku ji tsoro, don hakin ne. Ki turo min sakamakon gwajin ta WhatsApp da ya fito, ki gaida min Inna da kyau.