Firji daga Dubai ko daga filin jirgin Kolambo?

Filin jirgin sama na Bandaranaike da ke Katunayake, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Kolambo na ƙasar Sri Lanka, yana da abin da ba kasafai ake gani ba. Kafin wanda ya sauka ya kai wurin kwastan, sai ya ratsa ta shagunan da aka ɗauke wa haraji, cike da firji, injin wanki, talabijin da murhun gas. Manyan masu saye 'yan Sri Lanka ne da ke ƙwadago a Saudiyya, Kuwait, Katar da Dubai, kuma yawan kayan da ake yafe wa mutum harajinsu ya danganta da daɗewarsa a waje.

Wanda ya yi sayayya a Dubai ya fi samun zaɓi, musamman a waya, turare da zinariya. Amma firji sai kago, wato a yi dakonsa daban: ga kuɗin awo, ga jira, ga fargabar ya iso a lotse.

Saye bayan sauka ya kawar da wannan wahala. Kayan sun riga sun ƙetare teku, kuma in sun lalace, wakilin kamfanin yana cikin ƙasar. Ga macen da ta shekara biyu tana aikatau, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne. Illarsa, mutum ya kwaso gajiya, 'yan uwa na jira a waje, babu sukunin zagayawa a taya.

Ni dai, abin da zai shiga jakar hannu a saya a Dubai, mai nauyi kuwa a bari sai an sauka Katunayake.