Wane yaƙi za ka shimfiɗa a tebur ranar taron wasa? Ni dai Quatre Bras

Kafin ka ɓarnatar da kuɗinka wajen sayen ƙananan sojoji da fenti, ka fara tsayar da yaƙin da za ka kai taron masu wasan yaƙi, inda ake sake buga yaƙe-yaƙen tarihi a kan tebur da 'yan sojojin ƙarfe ko roba. Wasan da kuke yi a gida da abokai daban ne. A taro baƙi ne za su zauna, shida ko takwas, wasu ba su taɓa jefa ɗan lido a irin wannan wasa ba, kuma awa uku ko huɗu kacal za a ba ka. Ma'aunina guda ɗaya ne, kuma wuya ce ta koya mini shi: kowane mutum da ya ja kujera ya sami shawarar da zai yanke cikin minti goma sha biyar na farko.

Waterloo ce ta koya mini. Sunanta na jan mutane, shi ya sa na taɓa ɗaukarta. Sai dai a ranar 18 ga Yuni 1815 an fara fafatawa tsakanin Faransawan Napoliyon da rundunar haɗin gwiwa ta Wellington, kwamandan Birtaniya, kafin tsakar rana, sojojin Furusiya masu kawo wa Wellington ɗauki kuwa sai wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma suka shiga. Mutum biyun da na ba rundunar Furusiya sun yi awa biyu suna kallon hannun wasu. Ɗaya ya ce zai ɗan zaga ya dawo, har yau ban sake ganinsa ba. Ga yawa kuma: kusan mutum dubu 70 a kowane ɓangare tun kafin Furusiya su iso. Ka bar ta ga ƙungiyar da ke da tebur uku da kwana biyu.

Sauran ba za su ci mini lokaci ba. Rorke's Drift ta 1879, inda Zulu suka far wa 'yan tsirarun sojojin Birtaniya, tana da kyau a hoto, amma wanda ya riƙe Zulu aikinsa kwashe gawarwakinsa ne daga tebur. Cannae ba ta yiwuwa sai an tilasta wa mai riƙe Rumawa ya yi wauta da gangan, don kowa ya san tarkon Hannibal. A Hastings ta 1066 mutanen Sarki Harold na Ingila tsayuwa za su yi kan tudu yini guda. Harin Janar Pickett a rana ta uku ta Gettysburg, a yaƙin basasar Amurka, tafiya ce zuwa bakin igwa. Adwa ta 1896 kaɗai nake jin nauyin turewa, don rundunonin Italiya da suka rabu da juna cikin duwatsu abin wasa ne mai daɗi, amma fentin sojojin Sarki Menelik na Habasha zai cinye maka shekara.

To ga Quatre Bras, 16 ga Yuni 1815, kwana biyu kafin Waterloo. Mararraba ce a Beljiyam ta yau, inda hanyar Charleroi zuwa Brussels ta gitta ta Nivelles zuwa Namur. Da Marshal Ney, kwamandan Faransawa a wurin, ya fara kai hari wajen ƙarfe biyu na rana, mutum kusan dubu 8 ne kawai a gabansa, ƙarƙashin Yariman Orange na Holan, wanda ke ɓangaren Wellington. Daga nan sai ɗauki ya yi ta zuwa wa Wellington kashi-kashi: rundunar Janar Picton na Birtaniya wajen ƙarfe uku, sai Jamusawan Brunswick, can da yamma dakarun tsaron sarkin Ingila suka iso suka ƙwace kurmin Bossu. Ka ga amfanin wannan a taro? Wanda ya makara, ko ɗan kallon da ya tsaya yana leƙe, sai ka miƙa masa runduna mai isowa ka ce bismillah. Tarihi da kansa ya tsara maka yadda za ka shigar da mutane. Faransawa su fara da ƙarfi suna tsere da agogo, abokan gaba su fara da rauni suna ƙaruwa, kuma a tsakiyar wasa ba wanda zai iya rantsewa kan wanda zai ci.

Ga kuma d'Erlon, wani janar na Faransa. Rundunarsa ta mutum kusan dubu 20 ta wuni tana kai da kawowa tsakanin Quatre Bras da Ligny, inda Napoliyon ke fafatawa da Furusiya a ranar, Napoliyon na kira, Ney na kira, har dare ya yi ba ta tsinana komai a ko'ina ba. Ni nakan jera ta a gefen tebur inda kowa zai gani, daga zagaye na biyar a riƙa jefa ɗan lido ko za ta shigo. Sau da yawa ba ta shigowa, amma duka ɓangarorin biyu suna wasa da ido ɗaya a kanta.

Filin ma ba ya wahalarwa. Tebur mai ƙafa shida da huɗu ya isa idan sojojinka masu tsayin milimita 15 ne. Kurmi ɗaya, gidan gonar Gemioncourt, tafki, hanyoyi biyu, sai gonakin hatsi masu tsayin da ke ɓoye mahaya har su zo kusa. Launi kuwa ba a magana: jajayen Birtaniya, 'yan Sukotlan da ɗan zanensu, Brunswick cikin baƙi wuluk (sarkinsu a ranar aka kashe shi), shuɗin Holan, koren Nassau, da mahayan Janar Kellermann na Faransa masu sulke. Mai wucewa sai ya tsaya.

Yanzu batun da ke ƙona mini rai. Da zarar ka fara neman sojojin 1815 a intanet, 'yan jabu za su same ka. Akwai masu sayen soja na asali su yi masa mazubi su riƙa zuba kwafi. Na taɓa faɗawa hannun wani mai irin wannan sana'a saboda araha, kuma araha ba ta ado. Alamunsu ba sa ɓuya ga mai lura. Kwafi yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta. Fuska da maɓallai sun dushe kamar an goge su. Layin mazubi biyu ne maimakon ɗaya. Ƙarfen yana da laushi don an cika masa dalma, banati ya lanƙwashe ko ya karye da taɓawa ɗaya, alhali a taro hannu goma ne za su damƙi kowane soja. Na rezin (wani irin roba mai tauri) kuwa yakan zo da maiƙo da wari, fenti ya ƙi zama.

Masu sayar da fentattu ma a yi hattara. Hoton layin gaba za su nuna maka, na baya an yi musu shafa-shafa. Ka ce a ɗauko maka hoton duka rundunar daga baya, da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Wanda ya fara kame-kame, ka kyale shi. Wasu kuma za su sayar maka da Faransawan 1805 masu hula mai kusurwa biyu su ce na 1815 ne, ko dakarun Birtaniya na yaƙin Sifen da doguwar hula irin ta da, alhali yawancinsu a Beljiyam sun riga sun koma sabuwa mai tudu a gaba. A kowane taro akwai dattijon da zai gano wannan daga nesa, kuma ba zai yi shiru ba.

Sai ruɗun awo. Abin da wani kamfani ya kira milimita 15, wani nasa 18 ne, idan ka haɗa su a sahu ɗaya sai ka ga kamar uba da ɗa. Ka sayi fakiti ɗaya tukuna ka gwada kafin ka yi odar runduna. Idan 'yan milimita 28 kake so, Perry Miniatures da Victrix da Warlord Games duk suna da na roba na wannan zamani, ka saya daga wajensu ko daga dillalin da suka amince da shi, amma ka san tebur zai ƙaru. Fayilolin bugawa da injin 3D da ake rabawa a ɓoye yawanci na sata ne, kuma sau da yawa an lalata awonsu wajen kwafa.

Ko da kayan sun zo lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka buga wasan sau biyu a gida da agogo a gabanka, ka ba wanda bai san komai ba rundunar Yariman Orange. Idan ta rushe kafin Picton ya iso, ka matso da isowarsa zagaye ɗaya.