Wane littafin masu ƙirƙira ya kamata ka saya wa yaronka?

Iyaye da yawa in sun shiga Sabon Gari neman littafin yara mai labarin waɗanda suka ƙirƙiro abubuwa, wanda bangonsa ya fi ƙyalli suke ɗauka, to gaskiya a dinga buɗe ciki tukunna, don ba aiki ɗaya littattafan nan suke yi ba.

Akwai manyan nan masu kauri irin na kamfanonin buga littattafai DK da Usborne, hotuna zuƙa-zuƙa, kowane shafi da abinsa, tarho Bell 1876, ƙwan lantarki Edison 1879, jirgin sama wa da ƙanin nan 'yan gidan Wright 1903. Ɗan shekara 6 zuwa 9 zai so shi sosai ko bai iya karatu ba, amma fa akwai tsada tunda da dala ake shigo da su, kuma wasu jerin sunaye ne kawai da shekaru, yaro ya haddace ya manta. Ni abin da nake yi shafin ƙwan lantarki nake buɗewa, in na ga Edison shi kaɗai sai in ajiye, mai kyau zai kawo Joseph Swan na Ingila da ya yi nasa a lokacin, da Lewis Latimer baƙar fata wanda ya gyara yadda ake yin zaren cikin ƙwan, sannan ya nuna ma yadda wutar take kamawa.

Wanda ni na fi so shi ne mai labarin mutum ɗaya tun daga yarinta, musamman in yaro ya kai 10. Nemi na William Kamkwamba ɗan Malawi, yaron da yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi a gida yana ɗan shekara 14, ya dinga zuwa laburare, ya tsinto ƙarafan bola da kayan keke ya haɗa injin da iska ke juyawa har ya kawo wuta gidansu. Wallahi yaron da ya san zafin a ɗauke wuta cikin watan Afirilu ba sai an yi masa bayanin labarin nan ba. Akwai bugun ƙanana mai hotuna akwai na waɗanda suka ɗan tasa, kar ka ɗauki wani a madadin wani.

Sai masu koya gwaji da hannu, su kuma duba jerin kayan da ake buƙata kafin ka biya, in batir ne da kwali da gwangwani da waya to madalla, yaranmu dama sun saba ƙera motar langa-langa, in kuwa kayan sai an yi oda daga Amurka bar musu abinsu.

Abin da ke damuna shi ne namu ba su cika fitowa a ciki ba. In ka samu mai Al-Jazari, injiniyan nan Musulmi mai agogon ruwa mai siffar giwa, wanda ya kammala littafin injinansa a 1206, kar ka bari ya wuce ka. Shi kuwa Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana sanyaya tumatir ba wuta, kai za ka ba da labarinsa da bakinka, ku sayi tukwane biyu ku gwada a tsakar gida.

Na gwanjo ba laifi, sau da yawa takardarsa ta fi ta bugun jabu mai dishi-dishi, kawai ƙirga shafuka ka tabbatar ba a yage ba. Na waya kuma ban ba da shawara ba, minti kaɗan yaro ya koma gem. Kuma ka tafi da shi shagon ya karanta shafi ɗaya a gaban mai shago, in Turancin ya fi ƙarfinsa a sauko ƙasa, ko ku fara leƙa laburaren Murtala Muhammad ka ga irin wanda hannunsa yake kai wa kafin ka fitar da kuɗi.