Zanzibar a Agusta ko a Afrilu: wanne ya fi dacewa da mai gudun cunkoso?

Alhaji, kun ce kuna da niyyar kai Hajiya da yara tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya ku huta na kwana goma, kuma kun rasa wanda za ku ɗauka tsakanin watan Agusta, lokacin da makarantu ke dogon hutu, da watan Afrilu, wanda aka gaya muku otal-otal suna karya farashi a cikinsa. Kun kuma ce abin da ba ku so shi ne ku baro hayaniyar Birnin Kebbi ku je ku tarar da wadda ta fi ta a bakin teku. Na je tsibirin sau biyu a lokuta daban-daban, don haka zan auna muku watannin biyu da mudu ɗaya, sannan in faɗi wanda ni zan ɗauka da ni ne da wannan tafiya.

Abu na farko shi ne a cire lissafin yanayinmu daga rai, domin Zanzibar tana kudu da layin da ya raba duniya gida biyu, kuma lokutan shekararta ba su yi daidai da namu ba. A Agusta, sa'ad da marka ta kama mu, fadamun Argungu da na Jega suka cika da ruwa, can ƙasa a bushe take, rana ba ta da zafi sosai, kuma wata iska mai sanyi da suke kira Kusi tana kaɗawa daga kudu. A Afrilu kuwa, da mu nan muke kwana a tsakar gida saboda zafin bazara, su suna tsakiyar babbar daminarsu mai suna Masika, wadda ke somawa wajen tsakiyar Maris ta kai ƙarshen Mayu. Ruwan da ke sauka a tsibirin a cikin Afrilu kaɗai yana kaiwa kusan milimita 400, wato kamar rabin abin da muke samu a Birnin Kebbi a damina guda.

Ta fuskar cunkoso, Agusta shi ne mafi muni in aka cire makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara. Dalilan a fili suke. A wannan watan ne Turawa ke babban hutunsu, musamman mutanen Italiya, waɗanda sun daɗe suna cikin masu yawan zuwa Zanzibar, kuma a ƙasarsu ma'aikatu da dama suna rufewa a makonnin da ke kewaye da 15 ga Agusta. Ga Jamusawa da Faransawa da mutanen Ingila da na Folan. Sannan daga Yuli zuwa Oktoba ne masu kallon namun daji ke cika dajin Serengeti a babban yankin Tanzaniya, kuma al'adarsu ita ce in sun gama shan ƙurar daji su ƙarasa hutun da kwana uku ko huɗu a bakin ruwa. Duk waɗannan a Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, suke haɗuwa. A Nungwi da Kendwa da ke arewacin tsibirin za ku ga kujerun shan iska jere kamar rumfunan kasuwa, ga masu tallar yawon jirgin ruwa suna bin mutum har inda ya zauna. A tsohon gari, wato Stone Town, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lungunan ƙanana ne ƙwarai, ta yadda ayari ɗaya na baƙi da ɗan jagoransu ya isa ya toshe hanya. Da magariba kuma dandalin Forodhani, inda ake gasa kifi da sauran naman ruwa, yakan cika har sai an yi ta kutsawa. Duk wanda ya taɓa neman ɗakin kwana a Argungu ana saura kwana biyu a faɗa ruwa a Matan Fada ya san irin abin da nake nufi game da masauki da tsadarsa.

Afrilu kishiyar wannan ne. Bakin teku fayau yake, mai otal da kansa zai fito ya tarbe ku, kuma ana iya yin ciniki a kan kuɗin ɗaki kamar yadda ake yi a kasuwar Kamba. In ban da makon Ista da ake ɗan samun baƙi, babu wanda zai matsa muku. Amma araha ba ta ado. Ruwan Masika ba irin namu ba ne da hadari zai taso a yi sa'a biyu ana zuba sannan gari ya washe. Yana iya wuni ya kwana, ya kuma sake wuni. Wasu otal-otal na bakin teku rufewa suke yi gaba ɗaya a Afrilu da Mayu don gyare-gyare, hanyoyin ƙasa da ke shiga ƙauyuka suna caɓewa, ana yawan soke fita da ƙananan jiragen ruwa zuwa tsibirin Changuu inda manyan kunkuru suke, kuma sauro yana ƙaruwa. Kaya ba sa bushewa saboda laima. Da ku biyu ne kawai da Hajiya, kuna son wuri shiru ku yi karatu ku huta, da ban hana ku ba, domin a lokacin ne gonakin kanumfari da kirfa suke yin kore shar, dajin Jozani mai jajayen birai ma ya fi kyan gani. To, amma a kulle yara uku a ɗakin otal kwana huɗu a jere bayan an biya musu kuɗin jirgi ta Adis Ababa, wannan ba hutu ba ne, kuma Hajiya ce za ta fi kowa jin jiki.

Akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba, shi ne halin tekun kansa. Iskar Kusi da ke sa Agusta daɗi a tudu ita ce ke tayar da igiyar ruwa tsakanin birnin Darussalam, da ke gaɓar babban yankin Tanzaniya, da Unguja. Tafiyar kusan sa'a biyu ce a babban jirgin ruwa, kuma wanda bai saba ba yana iya yin amai tun ba a yi nisa ba. Mutanenmu na Yawuri da ke zaune a gungu sun san yadda iska ke sauya halin ruwa, sai dai na teku ya fi na Kwara nesa ba kusa ba. In Agusta kuka zaɓa, ku sayi tikitin da zai sauke ku kai tsaye a filin jirgin saman Abeid Amani Karume da ke Unguja, ko kuwa ku hau jirgin ruwan safe kafin iska ta yi ƙarfi.

Da za a tilasta mini in ɗauki ɗaya cikin biyun saboda yara, Agusta zan ɗauka, sai in yi maganin cunkoson ta hanyar zaɓen wurin sauka. Abin da na lura da shi shi ne cunkoson Zanzibar ya fi bin wuri a kan wata. A ranar da Nungwi ke cike maƙil, Jambiani da Matemwe da ke gabashin tsibirin suna nan da sauƙi, ƙauyuka ne na masunta da mata masu noman ciyawar teku, ana jin kiran salla daga ɗaki. Abin da ke rage musu baƙi shi ne janyewar ruwa: sau biyu a kowace rana teku yakan ja baya da nisa, a wasu wuraren fiye da kilomita guda, ya bar rairayi da duwatsu, sai bayan kamar sa'a shida ya dawo. Mai son iyo a kowane lokaci ba ya jure wannan, shi ya sa ake tururuwa arewa inda ruwan ba ya janyewa sosai. Ga yaran da ba su iya iyo ba kuwa, wannan alheri ne, domin za su taka cikin ruwa iya idon sawu suna tsintar katantanwa. Janyewar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, saboda haka kalandar Musulunci da ke rataye a falonku ta isa ta nuna muku abin da za ku tarar. Paje ma a gabas take, amma a lokacin Kusi matasa masu wasan lilo da iska a kan ruwa suna cika ta, ga kiɗa har dare, ban ga ta dace da iyali irin naku ba. Wanda kuma yake son shiru na gaske, tsibirin Pemba ne nasa, can ne cibiyar kanumfari, baƙi kaɗan ne ke isa can ko a Agusta, sai dai masauki bai da yawa kuma sai an ƙara hawa ƙaramin jirgin sama ko jirgin ruwa.

Amma ba dole ba ne a tsaya a kan waɗannan watanni biyu. Makonni biyun farko na Yuni suna da kyau ƙwarai: ruwa ya ɗauke, ƙasa tana kore, Turawa ba su fara hutu ba tukuna. Haka nan daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, bayan 'ya'yansu sun koma makaranta. Zuwana na biyu a farkon Nuwamba ne, lokacin ƙaramar damina da suke kira Vuli, kuma ruwan da na gani irin na yayyafin safe ne ko zubar sa'a guda, sai rana ta fito. Matsalar duk waɗannan ita ce yaranku suna aji a lokacin. Abin da ya fi kusa da biyan bukatunku biyu shi ne ƙarshen dogon hutu, wato ku tashi a kwanakin ƙarshe na Agusta ku dawo kafin a koma makaranta a Satumba, domin a lokacin taron ya fara raguwa, yanayi kuma bai sauya ba.

Game da azumi, tunda a 'yan shekarun nan yana faɗowa a Fabrairu da Maris: mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, gidajen abinci da dama a cikin gari suna rufewa da rana, kuma gari yana yin tsit har zuwa buɗa-baki. Ana yin kwana huɗu ana shagalin ƙaramar salla, filin Mnazi Mmoja yana cika da iyalai da yara cikin sababbin kaya, taro ne amma irin wanda muka saba da shi. Sai dai waɗannan watannin su ne mafiya zafi a can, zafi mai gumi wanda ya bambanta da busasshen zafinmu.

Kowane wata kuka tsayar, takardu ba su san araha ko tsada ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Ana cike ta ta intanet, a tura a tantance kafin a amince, kuma hakan yana ɗaukar makonni. Za a nemi katin rigakafin cutar shawara na kowa har da yara. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata inshorar daga gida. In ƙarshen Agusta kuka amince da shi, to ku fara neman biza tun a Yuni, kuma kada ku biya kuɗin otal da ba a mayarwa sai ta fito.