Iskar gas: a sayar waje ko a riƙe a gida?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ƙasar da Allah ya hore wa iskar gas, wanne ya fi mata, ta sayar a waje ta karɓi dala, ko ta riƙe don wutar lantarki da masana'antunta? Bari mu jera su.

Sayarwa waje kuɗi ne a hannu. Ana sanyaya gas ɗin zuwa digiri 162 ƙasa da sifili har ya zama ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, sannan a loda a jirgin ruwa. Mai saye yakan sa hannu kan yarjejeniyar shekara 20, kuma da wannan takardar ake zuwa banki a ciwo bashin gina masana'antar. Qatar ta fara haka da Japan a 1997, ta kuma yi arziki. Sai dai mutanenta kaɗan ne, gas ɗinta ya fi ƙarfin buƙatarta nesa ba kusa ba. Aibin hanyar shi ne ba ta samar da aikin yi mai yawa bayan an gama gini.

Riƙewa a gida kuwa, a lissafi ta fi albarka: wuta, takin zamani, siminti, ayyukan yi. Amma a nan gizo ke saƙar: wa zai biya? Gwamnati takan ƙayyade farashi ƙasa-ƙasa don kada jama'a su koka. Kamfanin wuta ya kasa biyan mai kawo gas, bashi ya taru, mai haƙa ya ce ba zai ƙara zuba kuɗinsa a sabuwar rijiya ba. Dubi Masar. A 2005 ta fara fitar da gas ta jirgin ruwa, a 2015 ta koma saye daga waje. A shekarar ce kamfanin Eni na Italiya ya gano babban filin gas na Zohr a tekun Bahar Rum, aka ɗauka an rabu da Bukar. Ina! A 2024 sai ga ta tana sake saye, ana ɗauke wuta bi da bi cikin zafi.

Ostareliya ta gwada duka biyun. Jihar yamma ta wajabta wa masu fitarwa, tun 2006, su ware kashi 15 cikin ɗari don gida. Gabas ba ta yi ba, kuma da aka fara lodi daga tashar jiragen ruwa ta Gladstone da ke gabas a 2015, farashin gida ya bi na kasuwar duniya ya yi sama.

Ni dai tsarin yamma na zaɓa, da sharaɗi: kason gida a sayar da shi a farashin da mai haƙa zai ci riba, a kuma biya shi kan lokaci. Idan za a tallafa wa talaka, a tallafa masa a kuɗin wutarsa, daga kasafin kuɗi, yadda kowa zai ga adadin.