Final Fantasy Tactics ko Tactics Ogre: wanne za ka fara?

Wani ɗan'uwanmu a zauren nan ya ce ya gaji da ƙwallo da harbe-harbe a PPSSPP, manhajar nan da ke kunna wasannin PSP (na'urar wasa ta hannu ta Sony) a waya, yana son ya gwada wasan dabarun yaƙi na bi-da-bi, wanda za ka taka sannan ka jira abokin gaba ya taka. An ambata masa wasannin PSP guda biyu, Final Fantasy Tactics: The War of the Lions da Tactics Ogre: Let Us Cling Together. Ya ƙara da cewa lokacin wasansa bai wuce ɗan abin da ya rage bayan an tashi aiki ba. To wanne zai fara?

Ɗan'uwa, fara da Final Fantasy Tactics. Ba wai don ya fi ba, ni a wurina Tactics Ogre ne gaba. Sai dai irin lokacin da kake da shi da kuma kasancewarka sabon shiga su ne suka yanke hukuncin.

Hannu ɗaya ne ya ƙera su. Yasumi Matsuno ya fitar da Tactics Ogre a 1995 kan Super Famicom, lokacin yana kamfanin Quest, daga nan ya koma Square ya yi Final Fantasy Tactics a 1997 kan PlayStation. Hitoshi Sakimoto da Masaharu Iwata ne suka yi kiɗan duka biyun, Akihiko Yoshida kuma ya zana mutanen ciki. Na PSP ɗin sabuntawa ne: The War of the Lions a 2007, Tactics Ogre kuma a 2010 a Japan, sauran duniya a 2011. Shi ya sa da ka kunna za ka ga kamar abu ɗaya ne. Fili ne mai gida-gida kamar na dara, sai dai shi akwai tudu da kwari da rufin ɗaki, kuma wanda ya hau sama ya fi na ƙasa cin riba.

Bambancin yana farawa daga yawan mutanen da kake shiga fili da su. A Final Fantasy Tactics ba sa wuce biyar. A Tactics Ogre suna kaiwa goma sha biyu a manyan fagage, abokan gaba ma haka ko fiye. Ka ga ke nan faɗa ɗaya a can yana cin lokaci sosai, kana zaune kana kallon kwamfuta tana motsa mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗan lokaci da dare zai fi jin daɗin faɗan da zai fara ya gama kafin barci ya ɗauke shi.

Daɗin Final Fantasy Tactics kuwa yana wajen sana'o'i. Kowane mayaƙi yana farawa ne a matsayin Squire (ƙaramin soja) ko Chemist (mai magani), yana tara makin sana'a da ake kira JP duk lokacin da ya yi wani abu a fili, yana sayen dabaru da su, sababbin sana'o'i suna buɗewa. Abin da ke riƙe mutum shi ne dabarar da ka koya a wata sana'a kana iya ɗaukar ta zuwa wata. Ka koyi riƙe makami biyu a Ninja, ka dawo da ita kan Monk mai faɗa da hannu, sai ga shi yana kai naushi sau biyu a taku ɗaya. Ka ba mai tsafin wuta jakar magani, ya zama yana ƙona na gaba yana ɗaga na baya. Mutum biyar ɗin nan za ka san su ciki da waje, domin kai ka gina su da hannunka, kuma idan ɗaya ya faɗi ka ga lamba 3 ta bayyana a kansa tana raguwa, sai hankalinka ya tashi. In ta ƙare ba ka tashe shi ba, ya tafi ke nan har abada.

Tactics Ogre na PSP bai bi wannan hanyar ba. A can matakin ƙarfi na sana'a ne, ba na mutum ba. Idan maharbanka sun kai mataki na 20, duk wanda ka mayar maharbi ya zama na 20 nan take. Da jin haka sai ka ce an sauƙaƙa, amma ranar da ka buɗe sabuwar sana'a a tsakiyar wasa za ka tarar tana mataki na 1, sai ka yi ta jan mai ita a bayan fili kana kare shi har ya girma. Wannan yana kashe sha'awar gwada sabon abu, kuma 'yan wasa sun daɗe suna kuka da shi. Ga ƙirar makamai, wadda sai ka yi ta haɗa kaya ɗaya-ɗaya kuma tana iya lalacewa. Maharba ma sun yi ƙarfi fiye da kima. Canopus, wani mayaƙinka mai fukafukai, in ka ba shi baka ya hau rufi, rabin faɗan ya ƙare.

To me ya sa na ce shi ne gaba? Labarin. Zan taɓa ƙarshen babi na farko kawai, wanda ba ya so ya tsallake wannan sakin layin. Kai ne Denam, saurayi daga ƙabilar Walister da ake zalunta a tsibiran Valeria, tare da yayarka Catiua da amininka Vyce. An aike ku garin Balmamusa ku tayar da 'yan'uwanku da ke tsare su yi tawaye. Kun ci faɗan, kun je musu, sai suka ce su sun gaji da yaƙi, a bar su. A nan ne Leonar, kwamandanku, ya ja ka gefe ya faɗa maka ainihin umarnin Duke Ronwey, shugaban Walister: a karkashe su, a ɗora wa 'yan Galgastan, abokan gabarku, laifin, don sauran Walister su fusata su haɗa kai. Sai wasan ya tsaya, ya ajiye maka zaɓi biyu: ka yarda ko ka ƙi. Duk wanda ka ɗauka, Vyce zai ɗauki kishiyarsa. Kuma ba kalmomi kaɗan ne ke canzawa ba, babi sukutum ne ke canzawa, da fagagen da za ka shiga, da waɗanda za su bi ka, da waɗanda za su mutu. Wasan bai ma ba ka damar ka ce na ƙi, hannuna ya fita ba, domin ƙin ma yana da nasa farashin.

Final Fantasy Tactics ba shi da irin wannan zaɓin, hanya ɗaya ce. Amma labarin jarumin wasan Ramza ɗan gidan sarauta da amininsa Delita ɗan talakawa yana da nauyi, musamman abin da ya faru a sansanin Ziekden wanda ya raba su. Abin da ke ba ni takaici shi ne daga baya rikicin sarauta da talauci yana komawa gefe, duwatsun tsafi da aljanu su mamaye labarin. Tactics Ogre ya fi daɗewa a kan mutane da abin da ƙabilanci ke sa su aikata.

Wajen yafe kuskure kuma Tactics Ogre ne mai sauƙin kai. Yana da Chariot, wanda ke ba ka damar komawa baya har taku 50 a cikin faɗa ka sake shawara. Mayaƙi yana da rai uku kafin ya tafi gaba ɗaya. Bayan ka gama wasan kuma World yana buɗewa, ka koma mararrabar labari da rundunarka ka bi hanyar da ka bari. Final Fantasy Tactics ba ruwansa da wannan. Tun a unguwar talakawa ta Dorter, farkon wasa, zai nuna maka halinsa: maharbi a can ƙololuwar rufi yana ɗauke ka daga nesa, matsafa suna jiran ka tara mutanenka wuri ɗaya su sakar musu wuta. In ka shiga ba ka ɗan yi atisaye a filin Mandalia da ke kan hanya ba, za ka sha wuya. Amma wuyar tana koyarwa, daga ranar ba za ka sake jera mutanenka kafaɗa da kafaɗa ba.

Turancin duka biyun na dā ne, irin na fada, kuma na The War of the Lions ya fi kauri. Kada ka bari wannan ya kore ka, karanta a hankali. Sannan The War of the Lions na PSP yana da jan ƙafa duk lokacin da aka yi tsafi ko wata dabara mai walƙiya. Ba wayarka ba ce, haka ya fito. Square Enix na sayar da shi kai tsaye a Android da iPhone, kuma a can jan ƙafar ya ragu sosai.

Abu ɗaya nake roƙon ka, don Allah. A ƙarshen babi na uku za ka isa fadar Riovanes, inda faɗa ke biyo bayan faɗa ba tare da an bar ka ka fita ba. Wasan zai tambaye ka ko za ka ajiye a tsakani. Ajiye a sabon gurbi, kada ka danne tsohon. Faɗan da ke gaba Ramza ne shi kaɗai da Wiegraf, wani babban abokin gaba, kuma in bai shirya ba babu hanyar komawa atisaye. Mutane da yawa a nan suka maƙale har suka sake wasan daga farko. Kafin ka shiga, ka koya wa Ramza Auto-Potion, dabarar da ke sa ya sha magani da kansa in an buge shi, ka cika jaka da magani mai ƙarfi, ka sayar da ƙananan domin ya riƙa shan manyan.