Marfin kare tagogi daga mahaukaciyar guguwa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda duk ya sayi gida a jihar Florida ta Amurka, ko a gaɓar jihohin Texas da Louisiana, ba ya daɗewa sai an fara tallata masa marfin kare tagogi. Lokacin guguwa a Tekun Atlantika yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Da yawa daga cikin manyan guguwar nan ma daga wajenmu suke tasowa: hadarin da ke ratsa yankin Sahel da damina, ya faɗa teku ta wajen Senegal da tsibiran Cape Verde, shi ne ke samun ruwa mai ɗumi ya girma har ya isa Amurka. Ga ɗan'uwan da ya zauna a can, tambayar ita ce ko marfin ya kai a kashe masa dubban daloli. A ganina ya kai, matuƙar gidan yana inda iskar ke bugawa da ƙarfi, kuma matuƙar ka zaɓi irin wanda za ka iya rufewa da hannunka a kan lokaci.

Mutane kan ɗauka gilashin ake tsarewa. Gidan gaba ɗaya ake tsarewa. Iska ita kaɗai ba kasafai take fasa taga ba, abin da ta ɗauko ne ke fasawa: tayil ɗin rufin maƙwabci, reshen bishiya, guntun shinge. Da zarar taga ɗaya ta buɗe, iska ta cika ɗaki, sai ta riƙa tura rufi daga ƙasa yayin da ta waje ke ɗaga shi daga sama. Daga nan rufi ya tashi, ruwan sama ya gama da sauran. Haka aka gani a kudancin Miami ranar 24 ga Agustan 1992, lokacin da guguwar Andrew ta rusa gidaje fiye da 25,000, musamman a garin Homestead da kewaye. Bayan wannan bala'i ne aka tsaurara dokar gini a yankin, sannan a 2002 jihar Florida ta fito da doka guda ga kowa. Ƙananan hukumomin Miami-Dade da Broward su ne ke da ƙa'ida mafi tsauri.

Wannan ƙa'ida ita ce ma'aunin da ya kamata ka riƙe a kasuwa. Kafin a amince da marfi, ana harba masa katako mai nauyin kusan kilo 4 da gudun kilomita 55 a awa, sannan a yi ta matsa shi da iska ana sassautawa sau dubbai. Wanda ya tsallake yana samun takardar amincewa ta Miami-Dade, wadda ake kira NOA, ko lambar amincewa ta jihar Florida. Ka nemi a nuna maka lambar kafin a fara maganar farashi. Mai sayarwar da ya fara kame-kame a nan, ka sallame shi.

Mafi arha shi ne katakon filawud. Hukumar ba da agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, tana ba da shawarar mai kaurin 5/8 na inci, a yanka shi daidai kowace taga tun kafin lokaci, a ɗaure da sukuru. Ya fi babu nesa ba kusa ba, amma yana da nauyi, yana ruɓewa a gareji, kuma ranar da aka yi shelar guguwa kowa zai ruga kanti ya tarar an kwashe. Mai haya ko wanda hannunsa bai kai ba zai iya dogara da shi na shekara ɗaya ko biyu. Salatif da wasu ke liƙa wa gilashi kuwa ɓata lokaci ne, ba ya hana komai fashewa.

Sama da shi akwai fallayen ƙarfe ko alminiyum masu tudu da kwari, waɗanda ake zurawa cikin layin da aka kafa a sama da ƙasan taga. Suna da ƙarfi ƙwarai, kuma a cikin kayan da aka amince da su babu mai arharsu. Matsalarsu ita ce aikin. Dole ka ciro su daga inda ka jibge, ka gane wanne na wace taga ne, ka hau tsani, gefensu na yankan hannu, ga zafin watan Satumba. Gida mai hawa ɗaya da ƙarti biyu a ciki, babu laifi. Gidan bene, ko gidan tsofaffi, ko na mai tafiye-tafiye, ban ba da shawara ba. Akwai na roba mai ƙarfi da haske ke ratsawa, ya kamata a sa ko da ɗaya ne a falo, domin zama cikin duhu kwana da kwanaki bayan an ɗauke wuta ba ƙaramin ƙunci ba ne. Akwai kuma na yadi mai tauri, marar nauyi, da ake naɗewa a ajiye. Yana tare abin da iska ta jefo, sai dai yana lotsawa ciki, don haka a bar tazara tsakaninsa da gilashi.

Wanda na fi ba yawancin magidanta shawara shi ne mai ninkewa, wanda ke zaune dindindin a gefen taga, a jawo shi daga dama da hagu a kulle a tsakiya. Farashinsa matsakaici ne, ya fi fallaye tsada amma bai kai na naɗewa irin ƙofar shago ba. Mace ɗaya ko dattijo zai rufe gida duka cikin ƙanƙanin lokaci ba tare da tsani ba, idan tagogin na ƙasa ne ko ana kai musu ta ciki. Ba shi da kyan gani, wannan gaskiya ne, kuma yana son a riƙa wanke layinsa ana shafa mai, domin gishirin iskar teku yana cin ƙarfe. Amma ranar da aka ce a bar gari, hanya ta cika, yara na kuka, mota na buƙatar mai, shi ne zai ba ka damar rufe ko'ina ka tafi. Marfi mai ƙarfi da ke jingine a gareji bai tsare kowa ba.

Masu son ado suna da iri biyu: na Bahama, wanda ke rataye daga sama yana ba da inuwa duk shekara, da mai ganye biyu da ke buɗewa gefe da gefe. Suna ƙawata gida, amma a kula, da yawa daga cikin waɗanda ake gani a bango na kwalliya ne kawai.

Na naɗewa, irin ƙofar shagunan kasuwa, shi ne sarkin sauƙi kuma mafi tsada a cikin marafai. Ana saukar da shi da hannu ko da lantarki, ya dace da manyan ƙofofin gilashi da tagogin bene. Idan za ka sa mai lantarki, ka tabbata yana da abin juyawa da hannu ko batir. A Yulin 2024 guguwar Beryl, wadda ba ta wuce mataki na 1 ba, wato mafi ƙanƙanta a matakan ƙarfin guguwa, sa'ad da ta shiga Texas, ta bar gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan 2 babu wuta a yankin Houston.

Sai abokin hamayyarsu duka, taga mai gilashi biyu da aka manne da leda mai ƙarfi a tsakiya. Tana iya tsagewa amma ba ta buɗewa, ba ka rufe komai, ko kana Kano ganin gida tana bakin aikinta. Tana rage ƙara, tana wahalar da ɓarawo. Kuɗinta da yawa. Idan tagoginka sun tsufa, da ma canji ya zo, to a nan ya kamata kuɗin ya tafi. Idan sababbi ne, cire su asara ce, marfi ya isa.

Ɓangaren inshora ne ke sa lissafin ya fito. A Florida, ɓarnar guguwa tana da nata kason da mai gida zai fara biya daga aljihunsa, galibi kashi 2, 5 ko 10 cikin ɗari na darajar da aka yi wa gidan inshora. Gidan dala 300,000 a kan kashi 2, kai ne za ka fitar da dala 6,000 kafin kamfani ya sa hannu. Dokar jihar kuma ta wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga gidan da aka ƙarfafa, bayan mai duba gini ya zo ya cike takarda. Sharaɗin da mutane ke tuntuɓe da shi shi ne cikakken rangwamen yana buƙatar a kare kowace kafa: tagogi, ƙofofi, tagar rufi, da ƙofar gareji, wadda ita ce mafi faɗi kuma sau da yawa mafi rauni. Jihar tana da shirin My Safe Florida Home da ke tallafawa har dala 10,000, amma kuɗin kan ƙare da wuri, don haka a nema tun da sauran lokaci.

Abu ɗaya da babu marfin da ke yi shi ne tare ruwa. Guguwar Ian a Satumban 2022 ta turo teku cikin garin Fort Myers Beach na Florida, kuma nutsewa ce ta fi kashe mutane. Guguwar Harvey a 2017 ruwan sama ne ta zuba wa Houston kwana da kwanaki. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya, sai an sayi ta daban, kuma ta gwamnatin tarayya tana ɗaukar kwana 30 kafin ta fara aiki. Wanda gidansa ke can nesa da teku, a kwari, inda iska ta riga ta rage ƙarfi kafin ta iso, gara ya fara da wannan kafin marfi. Kuma idan hukuma ta ce a tashi, a tashi, komai ƙarfin abin da aka sa.

Ka nemi farashi daga kamfanoni uku masu lasisi, ka tabbata su ne za su karɓo izinin aiki daga ƙaramar hukuma, kuma ka yi haka tsakanin Janairu da Afrilu, kafin layi ya yi tsawo. Ka gwada rufe su duka sau ɗaya a watan Mayu. Guguwa na wucewa ka buɗe na ɗakunan kwana, domin idan gobara ta tashi ta nan za a fita.